Turken Sauti: Tarihin Tsirkiyar da Ba Ta Barin Wurinta a Kiɗan Jita

Duk wanda ya taɓa zama a wurin bikin da ake kaɗa jitar Agadas, ko ya ji ta tana tashi daga wayar wani matashi a bakin shago, ya san akwai wani amo guda da ke kwance a ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Yatsun makaɗin na hawa suna sauka a wuyan jita, muryar mawaƙin na tashi tana faɗuwa, mai ganga na sauya taku, amma wannan amo yana nan inda aka ajiye shi. Kunne kan saba da shi har ya manta yana nan. Sai an ɗauke shi farat ɗaya mai sauraro yake jin kamar an janye masa tabarma yana zaune.

A wannan rubutu zan kira amon nan da suna turke. Akuyar da aka ɗaure a turke tana kewayawa gabas da yamma gwargwadon tsawon igiyarta, turken kuwa ba ya gusawa, kuma da shi ake gane ko ta yi nisa ko tana kusa. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun riga sun ari kalmar don babban saƙon da waƙa ta ɗauru a kansa. A nan sauti muke nufi: amo ɗaya da ake riƙewa, ko ake ta maimaitawa, yayin da sauran sautuka ke sauyawa a kansa. Su kuwa sautuka uku ko huɗu da mai jita ke dannawa ya kaɗa lokaci guda, zan kira su damin sauti.

Kafin mu shiga tarihi, yana da kyau mai karatu ya ga yadda abin yake a hannu. Jita tana da tsirkiya shida, kuma a saitin da aka fi sani sunayensu daga mai kauri zuwa siririya su ne E, A, D, G, B, E. Ɗauki tsirkiya ta huɗu, wato D, ka bar ta a sake, kada ka danna ta. A kan sirara ukun da ke ƙasa da ita, ka danna damin D da kowane ɗan koyo ya sani. Ka kaɗa: komai a zaune yake, kamar mutum a ɗakinsa. To, kada ka sauya tsarin yatsunka, ka dai tura hannun gaba mataki biyar a wuyan jitar. Damin ya zama G, kuma tun da akwai sautin D a cikin G, sai ka ji sun rungumi juna. Ƙara mataki biyu, ya zama A. Shi wannan damin babu D a cikinsa, har ma yana ɗauke da wani sauti da ke mataki ɗaya kacal ƙasa da D, don haka sai ka ji wani ja-in-ja mai neman a warware shi. Idan kuwa ka koma farko ka matsa mataki ɗaya tak, gogayyar za ta yi tsanani, amon ya yi duhu irin na kiɗan filamenko na Andalus. Tsarin yatsu ɗaya ne, tsirkiyar turke ɗaya ce, amma an sami yanayi huɗu. Dukkan hikimar tana cikin wannan tazara tsakanin abin da ya tsaya da abin da ke tafiya.

Wannan dabara ta iso wa jita ta hanyoyi biyu, kuma kowace hanya da irin matsayin da ta ba turke.

Hanya ta farko ta Turai ce. Tun wajen shekarar 1200, a babbar majami'ar Notre-Dame da ke Faris, mawaƙa irin su Pérotin suna tsara waƙar da wasu muryoyi za su ja sauti ɗaya mai tsawo, wasu kuma su yi ta kai-komo a samansa. Daga baya aikin ya koma kan ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututun iska. Ogan yana da jerin katakai a ƙasa waɗanda ake takawa da ƙafa don fitar da sauti mai kauri, kuma muddin ƙafa na kan katakon, sautin ba zai yanke ba. Daga wannan feda ta ƙafa Turawa suka samo sunan da suke kiran turke da shi har yau, ko da a kan kayan kiɗan da ba su da feda ko ɗaya. Johann Sebastian Bach na Jamus, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ya ƙware a kai matuƙa. A share-fagen farko na littafinsa na kiɗan madannai na 1722, gab da ƙarshe, ya dasa sautin G a ƙasa ya ƙi ɗagawa, dammunan sauti na ta wucewa a kansa ɗaya bayan ɗaya, mai sauraro na jira, kafin ya sauka a kan C ya rufe. Abin lura shi ne, a tsarin kiɗan Turai na wancan zamani, ƙa'ida ita ce dami ya sauya kuma sautin ƙasa ya bi shi. Turke baƙo ne da ake gayyatowa a buɗe kiɗa da shi, ko a tara zumuɗi kafin a rufe.

Jita mai tsirkiya shida ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 18, kuma masassaƙin nan na Sifaniya, Antonio de Torres, shi ya daidaita mata siffar da muka sani a ƙarni na 19. Ba ta da feda, ba ta da iskar da za ta ja sauti, amma tana da abin da ya maye gurbinsu: tsirkiya a sake, wadda za ta yi ta amo ba tare da ta cinye yatsa ko ɗaya na hannun da ke danna wuya ba. A 1892 Isaac Albéniz ya wallafa wani kiɗa na fiyano wanda daga baya ya yi suna da Asturias. Da fiyano ya rubuta shi, amma jitar Andalus yake kwaikwayo. Da aka mayar da shi kan jita, kuma Andrés Segovia ya zaga duniya da shi, sai ya zama kamar can ne mahaifarsa: babban yatsa na tafiyar da karin a kan tsirkiyoyi masu kauri, ɗan yatsa guda na ta cakar tsirkiyar B a sake ba hutawa. A ƙarshen shekarun 1920 kuma Heitor Villa-Lobos na Birazil ya rubuta darussan jita goma sha biyu. A darasin farko akwai wurin da hannu ke riƙe tsarin yatsu ɗaya yana gangarowa mataki-mataki, tsirkiyoyin E biyu, ta sama da ta ƙasa, suna a sake suna tsare shi ta gefe biyu. Daga nan aka ga cewa a jita turke na iya zama a ƙasa, ko a sama, ko a tsakiyar dami.

Hanya ta biyu ta fi kusa da mu. A faɗin Afirka ta Yamma akwai dangin kayan kiɗa masu tsirkiya da doguwar sanda: molo da garaya da gurmi a ƙasar Hausa, kologo a arewacin Gana, ngoni a Mali, tahardant a wurin Abzinawa, akonting a wurin Jola na Senigal da Gambiya. Tsirkiyoyinsu kaɗan ne, daga ɗaya zuwa 'yan ƙalilan, kuma ba a gina kiɗansu a kan sauya dami ba. An gina shi a kan gajeren kari da ke zagayowa, da sautin gida da ake komawa kansa kowane zagaye. Wanda ya saurari gurmin Haruna Uji na Haɗeja, ko garayar mafarauta, zai ji yadda tsirkiya a sake ke amsawa tsakanin kowane motsin yatsa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya yi shekaru yana riƙe taro, kuma amon tsirkiyar idan an sake ta shi ne masaukin da yake komawa. A wannan al'ada turke shi ne mai gida, sauran sautuka su ne masu shiga da fita.

Akonting yana da tsirkiya uku, ɗaya gajera ce wadda ba a danna ta, babban yatsa ne kawai ke taɓa ta. Irin wannan gajerar tsirkiya ta ƙetare teku a cikin ƙwaƙwalwar bayin da aka kwasa. Likitan nan Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, ya wallafa zanen kayan kiɗan ƙwarya masu tsirkiya da ya gani a hannun bayi, a littafinsa na 1707. Wani zane da aka yi a Karolina ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 18 ya nuna bawa yana kaɗa irin wannan abu, da gajerar tsirkiyarsa a gefe. Shi ne ya zama banjo, kuma har gobe tsirkiyarsa ta biyar gajera ce, aikinta turke.

Da jita ta yi arha a kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, jikokin waɗancan bayi suka ɗauke ta, amma da yawansu ba su bi ta yadda littafi ya ce ba. Sukan sassauta wasu tsirkiyoyi ko su ƙara ɗaure su har jitar ta ba da cikakken dami ba tare da an danna komai ba, sai babban yatsa ya zauna kan tsirkiya mai kauri yana bugu, sauran yatsu na amsa wa murya. A 1948, a birnin Ditiroit, John Lee Hooker, ɗan asalin Misisifi, ya ɗauki waƙarsa Boogie Chillen' shi kaɗai, da jita da bugun ƙafarsa, a kan dami ɗaya daga farko har ƙarshe. Waƙar ta hau saman jerin fayafayan baƙaƙen Amurka a shekarar da ta biyo. Masanin kiɗa ɗan Ostiriya Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da kiɗan buluz, ya kafa hujjar cewa wannan salo na makaɗi guda mai tsirkiya, mai jan murya a kan sauti ɗaya, ya fi kama da na yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da ƙasar Hausa zuwa Kamaru. Cikin misalan da ya kawo har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Masana na ta muhawara kan iyakar wannan hujja, domin buluz ɗan Amurka ne, a can aka haife shi cikin wahalhalun can. Duk da haka, abin a tsaya a duba ne cewa Bahaushen da ke zaune a wajen ƙasar Hausa ya shiga cikin shaidun wannan bincike.

Wajen 1960 hanyoyin biyu suka fara cuɗanya a fili. Makaɗan jaz na wancan lokaci sun kai sauya dami matuƙa. A faifan John Coltrane mai suna Giant Steps, wanda ya fito a 1960, kiɗan da aka sa wa faifan sunansa yana sauya dami kusan kowane bugu biyu, cikin gudu mai tsanani, har mai ƙirƙirar kari nan take ba ya samun sararin numfashi. Amma a cikin faifan nan ɗaya akwai Naima, inda mai babbar jitar ƙasa ya tsaya kan sauti ɗaya a kashin farko, ya koma wani guda a tsakiya, dammunan na shawagi a sama a hankali. Mutum ɗaya ya gwada iyakar gudu da iyakar tsayuwa a faifai guda, kuma a shekarun da suka biyo ya fi karkata ga tsayuwar. A Ingila kuma, a farkon shekarun 1960, Davey Graham ya dawo daga Maroko da kunne cike da kiɗan udu, ya sauya saitin jitarsa zuwa D, A, D, G, A, D, domin ya sami tsirkiyoyi da yawa da za su yi amo a sake. Da wannan saiti Jimmy Page ya gina Kashmir, wadda ta fito a 1975. Su ma Beatles sun ɗora wata waƙarsu ta 1966 a kan tambura ta Indiya, wadda ba ta da wani aiki sai riƙe turke, sannan a Blackbird ta 1968 tsirkiyar G a sake tana amsawa a tsakiyar kusan kowane dami.

A daidai wannan zamani jitar ta shiga hannun mutanen bakin kogin Kwara da na Sahara. Ali Farka Touré, wanda aka haifa a 1939 ya kuma rayu a Niafunké ta yankin Tumbuktu, da kayan gida ya fara: ƙaramin molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge. A 1956 ya ga Fodéba Keïta na Gini yana kaɗa jita, ya ƙudurta sai ya koya. Da ya same ta, bai tsaya bin jerin dammunan littafi ba, ya kwashe abin da yatsunsa suka sani a kan kayan gida ya zuba mata. Babban yatsansa na riƙe da turke, manuniya na zana karin Songai da na Fulani da na Abzinawa. Da ya ji fayafayan Hooker, shi kansa ya sha faɗin cewa kiɗan gida ya ji a ciki. Faifan Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya ci kyautar Grammy, kuma kafin rasuwarsa a 2006 duniya ta riga ta san wannan amo.

Matasan Abzinawa da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya su ma sun ɗauki jitar. Ƙungiyar Tinariwen ta taso daga cikinsu a ƙarshen shekarun 1970, kaset ɗinsu na bin hamada hannu da hannu, har faifansu Tassili ya ci Grammy a 2012. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya buɗe hanya, Bombino na Agadas da Mdou Moctar suka biyo baya. Shi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cikin salon na'urorin da mawaƙan Hausa na zamani ke amfani da su. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya kafin wani kamfani ya san da su. A yawancin wannan kiɗa, jita ɗaya na zaune kan dami guda tana ba da taku, ta gaba na yawo, kuma mai yawon ma yakan bar tsirkiya a sake tana amsa masa tsakanin sauti da sauti.

Me turke ke ba makaɗi har ya rayu tsawon waɗannan ƙarnoni? Ga mai ƙirƙira nan take, yana sauke masa nauyin lissafi. Wanda ke bin dami mai sauyawa dole hankalinsa ya rabu biyu, rabi kan abin da yake kaɗawa, rabi kan damin da ke tafe. Wanda ke kan turke kuwa, kowane sauti da ya taɓa yana jin nauyinsa nan take: wannan ya zauna, wancan ya yi tsami, wancan yana roƙon a sauke shi. Zai iya yin nisa da gangan, ya taɓa sautin da ba na gida ba, domin mai sauraro bai ɓata ba muddin turken na amo. Ga mai tsara kiɗa kuma, turke na ɗinke dammunan da a ka'ida ba su da dangantaka, yadda muka gani a misalin tsirkiyar D. Idan ya dasa shi a kan sautin gida, kiɗan zai natsu. Idan ya dasa shi a kan sauti na biyar daga gida, yadda Bach ya yi, zai sa jama'a jira, kuma gwargwadon tsawon jiran gwargwadon daɗin saukar.

Yana da nasa haɗari. Tun da dami ba ya sauyawa ya rufa wa makaɗi asiri, duk wani rauni a taku ko a kari yana fitowa fili. Turken da ba a san lokacin tuge shi ba kan mayar da kiɗa gyangyaɗi. Shi ya sa gwanayen wannan salo suke zuba ƙwarewarsu a wasu wurare: ɗan jinkiri kafin bugu, lanƙwasa tsirkiya, kiran murya da amsar jita, ƙara gudu a hankali har 'yan rawa su tashi ba su san lokacin da aka ƙara ba.

Wannan tarihi ya shafi matashin zango da ya sayi jita a yau. A Kumasi ko Akara hayilaif ne ke cika masa kunne, a Duwala makosa, kuma dukkansu kiɗa ne masu daɗi da aka gina kan zagayen dami. Darussan da yake kallo a waya su ma da jerin dami suke farawa, kuma haka ya kamata, domin ilimi ne da ba a raina shi. Matsalar tana zuwa ne idan ya fara auna gwaninta da yawan dammunan da mutum ya haddace, har ya dubi mai garaya ko mai kologo a matsayin wanda bai kai ga koyo ba. Abin da Graham ya je Maroko nema, abin da Coltrane ya koma kansa bayan ya ƙure gudu, yana cikin kunnen wannan matashi tun yana goye, daga kiɗan suna da na aure. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk mai jita a cikin masu karatu na iya gwadawa yau da dare. Ya zaɓi tsirkiya ɗaya mai kauri ya bar ta a sake, ya sa babban yatsa ya yi ta bugunta da taku ɗaya har sai ya daina tunaninta. Sannan ya nemo karin wata waƙar gida da ya sani tun yarinta, ya lalubo ta a kan sirara biyu na ƙasa, sauti bayan sauti, ba tare da ya dakatar da babban yatsan ba. A kwanakin farko hannun zai yi gardama, domin yatsan zai so ya bi sauran. Ranar da ya yarda ya tsaya shi kaɗai, sai a fara ɗora masa dami, ɗaya bayan ɗaya, a saurari wanda ya zauna da wanda ya ja.